Ni na murɗa bis ɗin, ba Issufu ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Issufu, mijin yayata Hajo, wanda ya riƙe injin ɗakin sanyi na wani ɗan kasuwa a nan Madawa. Kowace bazara nakan ɗauki takarda in yi rubutu a kansa, sai in ajiye. Bana ban ajiye ba. A kasuwar Buza na ji wani mahauci yana ba da labarin "Issufun da ya ƙone injin Alhaji", mutane na dariya. Mahaucin nan bai taɓa ganin Issufu ba.

Shi ya samo mini aiki a wurin, bayan babban fari, ina da ɗan karatuna na lokol, wato boko. Aikina in duba awon sanyi sau uku a rana in rubuta a kaye, littafin lissafin wurin. Ni kuwa sau shida nake dubawa, don ban yarda da idona ba. Issufu yakan ce mini, "Garba, in ka ƙara buɗe ƙofar ga, kai zan rataye wurin naman." A ɗakin akwai nama da ƙanƙara, akwai kuma akwatunan allurar rigakafin shanu da masu duba dabbobi ke kawowa ajiya, don babu wani wuri mai sanyi kusa.

Injin da ke kawo sanyin, kwampiresa, yana da bis biyu, wato ƙusoshin da ake murɗawa, a cikin wani ɗan akwati. Ɗaya ke tsayar da shi idan ɗaki ya yi sanyin da ake so. Ɗayan ke tsayar da shi idan zafin rana ya sa iskar da ke cikinsa ta matse fiye da kima. Baturen da ya haɗa injin, da sanyin hunturu ya zo, ya daidaita, ya tafi. Issufu ne ya yi bazara guda yana zaune gaban akwatin nan da turnabis, ƙarfen murɗa bis, ya murɗa kaɗan, ya jira, ya dubi allurar awon sanyi, ya sake, har ya samu daidai da zafin Madawa. Ya yi wa bayan injin rumfar zana. Daga nan inji ya riƙa aiki yana hutawa, ɗaki kuma bai taɓa ɗumi ba. Ni shaida ne, ni ke rubutawa.

Mai wurin, wanda zan kira Alhaji kawai, injin niƙa ya sani. Yana da guda a Sabon Gida. Wata rana bayan azahar ya shigo da baƙi zai nuna musu wurinsa, ya tarar da shiru.

"Issufu, mi ya hana injin ga aiki?"

"Shina aiki, Alhaji. Hutawa ce shikai."

"Hutawa? Injin niƙana in ya yi shiru, na san ba a komi."

"Wancan hatsi shika ci, wanga zahi shika ci. In ya ƙoshi sai shi tsaya."

Baƙin suka yi dariya, ita ce ta ɓata komai. Alhaji ya ce shi ya sayi injin, shi zai faɗi lokacin hutunsa, a murɗa abin nan ya daina tsayawa. Issufu ya miƙa masa turnabis da hannu biyu, ya ce, "Ga shi, Alhaji. Nawa hannu ba shi kai can." Ranar aka sallame shi.

Kashegari Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Kai ɗan lokol, kai ka karatun allura. Murɗa." Na san abin da zai biyo baya, don Issufu ya gaya mini ba sau ɗaya ba. Na tuna matata na da ciki, na tuna gonarmu ba ta ba da komai ba. Na murɗa duka biyun har suka ƙi juyawa.

Kwana tara inji na ruri bai tsaya ba, Alhaji na murna. Rana ta tara, da la'asar, na ji ƙaurin waya. Inji ya ƙone, babu wanda ya iya gyara shi, kayan gyaran ma sai an aika nesa. Aka raba naman kafin ya yi wari. Allurar rigakafin ta lalace. Makiyayan Karofane sun riga sun tara shanu a bakin rijiya, suka yi kwana uku suna jira, suka watse. Ban san shanu nawa suka mutu a shekarar saboda haka ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da na sani, Alhaji ya ce Issufu ne ya cusa wani abu cikin injin don haushi kafin ya tafi. Aka tambaye ni gaban mutane, na ce ban ga komai ba. Issufu ya koma gona a Tabotaki. Babu wanda ya ƙara ba shi inji har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Yanzu firigo, injin sanyi, ya cika kantuna daga Madawa har Keita. Idan inji ya fara tsayawa da rana, mai gyara ya zo ya soka tsinken ashana a wurin da ke yanke wuta, inji ya tashi, a yaba masa. Na san abin da Issufu zai ce: a share ƙurar bayan injin, a yi masa inuwa, a ƙyale bis. Na kuma san ba za a kira shi karo na biyu ba, don mun fi son mai sa inji ƙara.

An ba ni shawara in bar maganar. Wai Alhaji ya tsufa, wai wanda ya mutu ya huta. Na bar sunan Alhaji, iyakar abin da zan bari ke nan. Issufu bai bar dukiya ba. Ya bar ƴaƴa huɗu da suna, sunan kuwa ni na bari aka ɓata. Wanda ya ji ana cewa ya ƙone inji, ya ce ƙarya ne, Garba ne, shi da kansa ya rubuta.

Kafin in aiko da wannan, na je Tabotaki na karanta wa Hajo. Tana sussukar gero, ba ta ajiye taɓarya ba sai da na gama. Ta ce, "Ya sani, tun ran da labari ya iso. Ni na so in taho in ci mutuncinka, ya hana ni. Ya ce Garba bai iya cewa a'a ba, a bar shi da ɗiyanai."

Na ce, "Yaya, in aika?"

Ta ce, "Ni kaka tambaya? Shekara nawa kana tambaya?"

Ban ƙara tambayar kowa ba. Allah Ya jiƙan Issufu.