Takalmin Balarabe na Tayar Gaba

Balarabe ya tsufa a kan tirela, yana jigilar masara daga Doguwa zuwa Kudu. Bai taɓa yarda an ɗaura masa tayar baya a gaba ba. Ta gaba mai miƙaƙƙen zane ce, ita ke bin sitiyari. Ta baya mai manyan haƙora, aikinta tura kaya.

Da idonsa ya raunana, ya dawo noma a Ƙofa da tsohuwar tayar gaba guda, ya kai a yanka masa takalmi.

"Baba, ta baya ta fi ƙarko a gona," in ji mai takalmin.

"Na sani. Amma wannan ce take fara taka kowane gari."

Har yau in an yi ruwa, yakan waiwaya ya daɗe yana kallon sawunsa.