Rigunan Yaya Sule

"Ɗanɗana tukuna, Malama," in ji gandiroban.

Dokarsu ce: wanda ya kawo abinci gidan yari shi zai fara ci, kada a sa wa fursuna guba. Na kai lomar dambun da Inna ta aiko da shi daga Tudun Wada. Ban mutu ba, sai aka yarda dambun ba shi da laifi. Zamanin mulkin soja ne, ina jami'a.

Aka fito da Yaya Sule, wanda rikicin gona ya kai shi can. Ya tsaya nesa da ni, yana tari cikin hannun riga.

"Yaya, Inna ta ce ka ba ni kayanka ta wanke da hannunta."

"Ki ƙona su a hanya. Tarin nan ya kashe mutane a ɗakinmu."

Gandiroban ya yi dariya. "Mura ce kawai. Cuta ta ina za ta shigo? Ko abinci sai mun bincika."

Ya karɓi rigunan daga hannun Yaya, ya cusa min a jaka, ya ja ƙofa ya rufe.

Na kama hanyar tasha, kaina a ɗaure. Tsohuwa na jiran rigunan ɗanta, ɗan ya ce a ƙona. Da ku ne, me za ku kai mata?