Mai Sabunta Laburare a Tashar Rano

A tashar Rano, ƙarƙashin dalbejiya, wata mata mai lalle a yatsu ta ɗora kwamfuta a cinya. Farin rubutu yana sauka a baƙin allo kamar yayyafi. Laburaren manhajarta take sabuntawa, wato guntayen aikin wasu da manhajar ta jingina da su. Ɗaya take sauyawa, ta gwada, ta lumshe ido, sannan ta taɓa na gaba. Ina jin 'yar magina ce, ta ga yadda ake sauya azarar rufi ɗaya-ɗaya ɗaki bai rufta ba.

"Hajiya, motar garin Fammar ta ƙarshe ce fa!" in ji ɗan kamasho.

"Can babu sabis, Malam. Ku tafi, ba na barin rufi rabi."

Motar ta tashi, ko ɗago kai ba ta yi ba.