Kwana Huɗu a Gidan Katako

Jiya a gidan mai na ga itacen nan da ake sayarwa a ƙulle cikin raga. Na tsaya ina kallonsa har mai motar bayana ya danna mini oda.

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya kai mu wani gidan katako a daji, tafiyar awa biyu daga gidanmu na unguwar Deptford a London. Irin gidan hutun nan ne da ake kamawa na 'yan kwanaki, ku je da cefanenku ku dafa da kanku. Mama ta loda tukwane, muciya, garin tuwo, kuka da daddawa, sai ka ce masu ƙaura. Tare da mu akwai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta zo daga gida neman magani. Wata huɗu ke nan muna zarya da ita wani asibiti a Marylebone.

Kaka ba ta ga dalilin tafiyar ba. Ta ce ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana neman fita daga daji, yau ɗanta ya ɗauko ta a mota ya mayar da ita. Da ta ga Baba ya sayo itace a raga, alhali ga itatuwa sun kewaye mu, ta yi dariya har da tari. Amma washegari ita ta riga kowa fita. Ta tsinto ƙirare, ta hura murhun falo da ashana ɗaya. Wurin shiru ne, ba bas, ba jiniya, sai ɗigar ruwa daga ganye da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ni na san dalilin tafiyar. A zuwanmu asibiti na ƙarshe, ina zaune a bakin ƙofa na ji likita yana gaya wa Baba da Turanci cewa bai fi sati shida ya rage mata ba. Baba ya hana a gaya mata. Ya san in ta ji, jirgin gida za ta nema, shi kuwa yana sa ran akwai wani maganin da za a gwada. Kaka ta sha faɗa a gabanmu cewa ita a garinsu za a binne ta, kusa da mijinta.

Rana ta uku da hantsi Baba da Mama suka tafi kanti. Muna zaune a baranda ni da ita, ina taya ta gyaran wake.

“Ke 'yar Turai,” ta ce, don haka take kirana, “tun da ubanki ya zo ƙasar nan ban taɓa jin ya huta ba. Ran nan kina wurin. Me likitan ya ce?”

“I don't know, Kaka.”

“Da Hausa.”

“Ban sani ba.”

Ta kalle ni, ta ce in miƙo mata ɗayan kwanon. Muka ci gaba da gyaran wake. Ba ta sake tambayar kowa ba.

Ta rasu a asibiti a nan London, a sati na biyar. An binne ta a maƙabartar Musulmi ta bayan gari, tsakanin mutanen da ba ta taɓa gaisawa da su ba. Ban yi kuka ba. Abin da na riƙe na ranar shi ne takalmina ya matse ni.

Yanzu abin ya canza. Likita kan dubi mara lafiya ne ya gaya masa, in ba ya jin Turanci a kira tafinta ta waya. 'Ya'yana ma suna son irin wannan hutun, kuma nakan kai su, in dafa, in wanke tukwane, mu dawo. Ba na jin komai a wurin.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa Hausa ce ta gaza mini, yarinyar da aka haifa a nan ina za ta samo kalmomin cuta. Ba gaskiya ba ne. Na san kalmar sati. Shida kuwa, ita da kanta ta koya mini a yatsunta.