Ruwan Tafki a Ranar Wankin Ƙafa

Shekarun baya, muna tsakiyar azumin nan namu na gabanin Ista, aka wayi gari an ɗaure famfon ƙauyenmu da sarƙa an danna masa kwaɗo. Ku da kuke bibiyata a nan kun san ni da baki, to ku sani a gida ba haka nake ba. In dai babba yana zaune, ni da kurma ɗaya muke. Shi ya sa har yau nake mamakin abin da na yi a shekarar.

Mu Hausawa ne 'yan Katolika, ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa. Cocinmu ƙarami ne, ginin ƙasa da rufin kwano. Fada, wato limamin cocinmu, daga wajen Kazaure yake zuwa mana a kan babur, wani lokacin sai a yi wata ba mu gan shi ba, katikis, mai koyar da mu addini, shi ne yake riƙe da mu a sauran Lahadin. Famfon tuƙa-tuƙan da nake magana Ikilisiya ce ta haƙa shi a gefen coci, kuma tun ranar da ya fara kawo ruwa kowa yake sha: mu, maƙwabtanmu Musulmi, da Fulanin rugar da ke bayan gari, waɗanda tun ina goye suke zaune a wurin.

Abin da ya jawo kwaɗon shi ne rogon baffana, yayan mahaifina. Shekara guda yana wahala da gonar nan, ya kewaye ta da ƙaya, ya kusa fara tono. Sai wani garke na baƙin makiyaya masu wucewa ya fasa shingen, shanu suka cinye na ci, suka tattake saura, suka yi arewa ta wajen Babura. Na je na ga gonar da idona, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka. Kowa ya san ba shanun rugarmu ba ne, sawun ma ya nuna. Amma rai ya ɓaci, ga shi lokacin kullum ana tura wa mutane maganganu a waya cewa Bafulatani duk Bafulatani ne. Kwamitin coci ya zauna, baffana ne shugaba, aka yanke cewa famfo sai safe da yamma za a buɗe shi, samari na tsaye, kuma duk wanda ya fito daga ruga kada a ba shi ko cikin moɗa. Aka huce haushin kaza a kan dami.

Mahaifiyata tana da aminiya a rugar, wata dattijuwa da nake kira Goggo. Ita take kawo mana nono, mahaifiyata tana dama fura, su zauna su yi ta hira kamar ba za su rabu ba. Bayan an kwana biyu da rufe famfon sai ga ta ta shigo babu ƙwarya a ka. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ce sun koma shan ruwan tafki, jikokinta biyu suna ta gudawa, kuma mazan ruga sun yanke shawara da an wuce bikinmu na Ista za su ɗaure kaya su tashi. Ba ta roƙi komai ba. Mahaifiyata ta ɗebo mata ruwan randa, ta kurɓa sau biyu, sannan ta tambaya ko za a juye mata ragowar a gora ta kai wa ƙaramin jikan.

Mun yi ta kai musu jarka ɗaya, jarka biyu a ɓoye, amma me jarka za ta yi wa ruga guda a cikin bazara? Katikis ma ya yi nasa ƙoƙarin. Ranar Lahadi ya tsaya ya tuna mana koyarwar Ikilisiya: cewa Allah ya yi ƙasa da ruwa domin dukan 'yan Adam, cewa ko abu naka ne ba ka da ikon rufe shi alhali ran maƙwabcinka yana rataye da shi, cewa shayar da mai ƙishirwa yana cikin ayyukan jinƙan da muka haddace tun muna yara, kuma laifi na wanda ya aikata shi ne, ba na ƙabilarsa ba. Maza suka gyaɗa kai, suka ce amin da ƙarfi. Da aka fito baffana ya ce katikis ya yi wa'azi mai kyau, sai dai shi katikis ba shi da gonar rogo. Kwaɗo yana nan inda yake.

Ni ma na gwada sa'ata. Na shirya magana tun daga gida, na bi hanya ina maimaitawa, na isa na durƙusa a gaban baffana. Na ce ina wuni, ina gajiya, ina zafi, yaya ƙafa, yaya mutan gida. Da gaisuwar ta ƙare sai na sake ɗauko ta daga farko. Ya dube ni ya ce ko da magana ne, na ce a'a, gaishe ku kawai na zo yi. Haka na dawo gida da ƙullin gyaɗar da ya ba ni na kai wa yara, mahaifiyata ta yi ta yi mini dariya har da riƙe ciki.

Ana haka sai labari ya zo cewa a shekarar Fada a ƙauyenmu zai yi sujadar Alhamis Mai Tsarki. Ga waɗanda ba su sani ba, a ranar ne Fada yake tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura tawul, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, don tunawa da yadda Yesu ya wanke ƙafafun manzanninsa. Babban abu ne a zaɓe ka. A wurinmu dattawa ake zaɓa, kuma baffana ne na farko a layi. Ɗebo ruwan wankin kuwa aikin Zumuntar Mata ne, bi da bi muke yin hidimar coci, kuma makon ya faɗo a kaina.

Ranar da hantsi na ɗauki jarka na nufi famfo. Ina cikin layi sai na hango matan ruga sun bi ta bayan coci da tulunansu, ba wadda ta ko waiwayo. Ban san lokacin da na fita daga layin na bi bayansu ba. Na daɗe rabona da tafkin nan. Ruwan ya ja baya ya bar taɓo, abin da ya rage kore ne shar da gansakuka, ga kashin shanu a gefe, ga wari. Na tarar da Goggo ta shimfiɗa gefen mayafinta a bakin tulu tana tacewa. Na tattare zane na shiga na cika jarkata. Ta tambaye ni me zan yi da shi, na ce wankin ƙafa za a yi a coci. Ta girgiza kai ta ce, “'Yar nan, wannan ai ko ƙafa bai kamata ya taɓa ba.” Ita kuwa ga shi za ta kai gida a sha.

Da na dawo mahaifiyata ta leƙa jarkar, ta dube ni, ta sake leƙawa. Ita ce uwar zumunta a lokacin, da ta ce a zubar da na zubar.

“Kin san baffanki ne na farko a layi?” in ji ta.

Na ce na sani, Inna.

Sai ta ce, “To ki rufe bahon da tawul, kada ki buɗe sai Fada ya durƙusa.”

Da la'asar aka fara sujada, don Fada yana da wani ƙauyen a gaba. Coci ya cika har waje. Dattawa goma sha biyu suka jeru a benci, kowa ya sha wanka. Abin dariyar shi ne duk wanda za a wanke wa ƙafa sai ya goge ta tas tun daga gida, ya yanke farce, ya shafa mai, don kada Fada ya ga kaushi. Baffana har sabon takalmi ya saka. Ni kuwa ina tsaye da baho rufe da tawul.

Fada ya ɗaura tawul ya durƙusa a gaban baffana. Na ajiye bahon, na yaye rufin. Warin ne ya fara isa. Na benci na gaba suka leƙo, na baya suka miƙe tsaye. Fada ya ɗago kai ya tambaye ni wannan fa, daga ina.

Duk doguwar maganar da na tsara ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, “Fada, ruwan da maƙwabtanmu na ruga suke sha ne tun da aka rufe famfo. Na ga tunda yana shiga cikin jikokinsu, ba zai gagari ƙafafun iyayenmu ba.”

Ni dai na kafa idona a ƙasa ina jiran a kore ni. Fada bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi wa kowa wa'azi ba. Ya sa moɗa ya ɗebo ruwan, har da zaren gansakuka yana reto a gefenta, ya dubi baffana.

“Baba, rogonku haƙƙinku ne,” in ji shi. “Ikilisiya za ta tsaya muku har wanda ya yi ɓarnar ya biya. Amma ni da ruwan da aka kawo mini zan yi aiki. Ku miƙo ƙafar.”

Baffana ya janye ƙafarsa ƙarƙashin benci. Ya daɗe yana kallon moɗar nan, Fada kuma yana durƙushe bai motsa ba. Mutumin da ya ji wa'azi ya ce amin ya wuce, yau ga abin a gabansa, gani ya kori ji. Sai na ga ya sa hannu a aljihun riga ya zaro mukulli.

“Ke 'yar nan, zo,” ya ce. Na matsa na durƙusa. “Je ki ɗebo na kirki. Sarƙar kuma ki taho mini da ita, ina da akuyar da take bukatarta.”

Ai kafin ya rufe baki mata suka saki guɗa. A ƙa'ida daga wannan lokacin na sujada ba a kiɗa sai daren Ista, amma ina! Masu tulun kiɗa suka hau bugu, masu kacau-kacau suka ɗauka, katikis yana ɗaga hannu yana cewa a yi shiru, shi kansa yana dariya. Wasu samari biyu suka fice suna gunaguni, ba wanda ya bi ta kansu. Na fita da gudu da mukulli a hannu, ni da ko a biki ba na gudu. Kwaɗon ya cije ya ƙi buɗuwa, sai da wani maƙwabcinmu Musulmi mai wucewa ya taya ni murɗawa. Na tuƙa famfon nan da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na kawo ruwa fari tas, aka wanke ƙafafun dattawa.

Washegari da sassafe, Juma'a Mai Kyau, na fito na tarar da tulunan ruga a jere a bakin famfo. Ni na tuƙa wa Goggo nata. Da ya cika ta ɗora a ka, ta ce in gaya wa mahaifiyata sun fasa tashi. Jikokin nata suka warke. Daga baya arɗon rugar da kansa ya bi sawun garken nan har aka gano masu shi, aka zauna a gaban dagaci, aka biya baffana wani abu. Bai kai rogonsa ba, amma an biya, kuma daga hannun masu laifin.

Har yau in na buɗe waya na ga ana yanke wa ƙabila guda hukunci a kan laifin mutum uku, sai in tuna yadda abin yake da daɗin faɗa daga nesa. Koyarwar da na taso a cikinta ba ta ce mai gona ya haƙura da asararsa ba, ba ta kuma ce a shanya jikan wani a rana don a huce ba. Duka biyun take so a riƙe tare, kuma a ƙauyenmu mun riƙe su, mu da kanmu, ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Ina alfahari da wannan, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Ba ina cewa ku je ku kunyata manyanku a bainar jama'a ba ne. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, don haka bayan Ista na koma gidan baffana, na durƙusa, wannan karon ban tsaya a gaisuwa ba. Na ce, “Baffa, ku yafe mini, na ba ku kunya a gaban mutane.”

Ya kafa mini ido, har na ɗauka fushin bai sauka ba. Sannan ya ce, “Tashi, 'yata. Da jikan matar nan ya mutu da mukulli a aljihuna, a gaban wa kike jin zan sha kunyar?”