Kowa da Kujerarsa

Shekara ashirin da uku Baba Sifana ya yi yana gyaran kujeru a wani kamfanin inshora da ke hawa na bakwai da na takwas na wani dogon bene a tsakiyar birni. Sifanar da ba ta rabuwa da aljihunsa ce ta ja masa sunan. Matarsa ma cewa take da za a ɗauki hoton cikinsa a asibiti, sai an ga wata a ciki. Gajere ne, ba ya son surutu, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: kana yi masa magana, shi kuma zamanka yake kallo.

Sai zamani ya juya. Aka fara barin ma'aikata su yi aikin kwana biyu daga gida, aka koma uku, daga baya sai mutum ya yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Wa zai ga laifinsu? Wanda ya saba kwashe awa biyu a cunkoson motoci, an ce ya buɗe kwamfuta a falonsa, ai ko musu ba zai yi ba. Baba dai kullum sai ya zo, ya bi layin tebura yana jujjuya kujerun da ba kowa a kansu don kada tayoyinsu su cije.

Wata Litinin Manaja ta kira shi. Mace ce mai kirki, amma ba ta kwana-kwana. Ta ce kamfani zai saki hawa biyun, ya riƙe ɗaki ɗaya na taron mako-mako. Kujerun za a raba wa ma'aikata a kai musu gida, shi kuma aikinsa zai ƙare a ƙarshen wata. Ya ce to, ya yi godiya, ya fita. Tsoro ya ji, tsoro na gaske. Mutum ya doshi sittin, abin da ya iya a duniya kujera ce, ga shi ofisoshin gari sai rufewa suke. Kwana uku bai gaya wa matarsa ba, sai da ta ga yana barin abinci ta titsiye shi.

Masu kwashe kaya suka jibge kujerun a sito, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Direban motar da zai raba su ya ce a loda kawai, kujera ai kujera ce. Nan fa Baba ya kafe. Ya jawo wata da aka ɓanɓare fatar hannunta, ya ce ta mai amsa koken jama'a ce, da farce take huce haushi idan ana yi mata ihu a waya. Ya jawo wata da aka sauke har ƙasa, ya ce ta sakatariya ce, ƙafarta ba ta kai ƙasa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana manna suna, direba na ta tsaki. Cikin sittin da huɗu, ɗaya ce bai gani ba, ta lauyan kamfani, wadda ta karkace hagu saboda kullum a kan ƙafa ɗaya yake zama.

Kwana goma suka yi suna yawon gidaje, Baba kuwa ya ga abin mamaki. Wani a teburin guga yake aiki. Wata a kan gado, ta ɗora kwamfuta bisa filo. Wani ya maƙale a lungu kusa da firji don nan ne kawai intanet ke kamawa. Baba ba ya iya ajiye kujera ya juya, sai ya ɗaga tebur da guntun katako, ya ɗaure noti, ya ce zauna in gani. Ya kuma ga abin da ya sanyaya masa rai: sakatariya na aiki jaririnta na barci a gefenta, wani kuma yana cin abincin rana tare da tsohon mahaifinsa. Ya gaya wa direba cewa sabon tsarin ba shi da laifi, bayan mutane ne kawai ba wanda ya tuna da shi.

Gidan Manaja ne na ƙarshe. Ta buɗe ƙofa dafe da ƙugu, ta ce a ba wani kujerar, ita tun ranar farko ta sa an jefa mata ɗaya a but. Ta ƙara da cewa mako biyu ke nan bayanta ya hana ta sakat, gobe za ta ga likita. Baba ya leƙa falo, ya hango kujerar a karkace hagu, ya gane ta lauya ce. Ya roƙe ta dai ta zauna a wadda ya kawo.

Ta zauna, ta jingina, ta ji bayanta ya saki. Sai ta tambaye shi me ke cikin wannan. Ya zuge zif ɗin bayan kujerar, ya nuna mata wani soso da aka yanka daidai gadon bayanta. Ya ce lokacin da take da cikin 'yarta ta fari ya ga tana cusa jakarta a baya, shi ne ya sa mata, kuma duk shekara idan ya lotse sai ya sake wani.

"Shekara tara, Baba? Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ai bayanki bai yi ciwo ba, ranki ya daɗe. Me zan gaya miki?"

Kunya ta kama ta, har idonta ya kawo ruwa. Ta tambaya ko sauran ma haka ne, ya ce kowa da abin da ya yi masa. Ta jawo kwamfuta ta yi rubutu mai ɗan tsawo, shi kuma yana tsaye yana juya sifana a aljihu.

"Na yi kuskure, Baba," in ji ta. "Na ɗauka ofishin rufewa ya yi, ashe gida sittin da huɗu ya koma. Ka manta da maganar ƙarshen wata. Duk wata za ka riƙa zagaya mu."

Baba ya yi mata godiya. Sai ya sunkuya ya ciccibi karkatacciyar kujerar, ya sauka da ita, ya ce wa direba ya tada mota, akwai sauran gida ɗaya, lauya na can yana jiran kujerarsa.