Ranar da Yaya Sada Ya Sare Igiyarsa

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Sada, direban roka, babbar motar kaya, mutumin Zakka ta ƙasar Safana. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ya kamata a ce zuwa yanzu zuciyata ta kwanta a kansa kamar yadda ta kwanta a kan iyayenmu, in tuna shi in yi masa addu'a in ci gaba da harkokina. Amma ba haka abin yake ba. Duk damina, da zarar hadari ya haɗo, sai in kasa zama wuri ɗaya, in shiga ɗaki in fito ban ɗauko komai ba. Akwai tambayar da ya tafi ya bar mini, kuma har yau ban samu mai amsa ta ba.

Abin da ya tayar mini da ita a bana, mota ce na gani ta kafe a laka kan hanyarmu ta zuwa Batsari, ni da jikana Aminu. Wasu samari sun ɗaura mata igiya a jikin bamba, sun haɗa ta da wata igiyar da guntun ƙarfe saboda ba ta kai ba, jama'a kuma sun yi layi dab da ita, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa na fita ba. Na yi ta ɗaga murya ina cewa a janye, a janye da yara. Wani ya ce, "Hajiya, ki koma mota kada ki ɓata takalminki." Aka fizga, mota ta fito, aka yi tafi, ba wanda ko ƙwarzane ya samu. Na koma na zauna, na san gobe haka za su sake yi.

Yaya Sada ya fara riƙe sitiyari ne a shekarar da aka samu 'yancin kai, da motar En'e. A wancan lokaci hanyoyinmu ba kwalta ba gada, rafi kuwa in ya kawo sai dai ka shimfiɗa tabarma ka jira. Bayan yaƙin basasa ya samu rokar kansa, yana kai gyaɗa Ikko yana dawowa da siminti da kwanon rufi, lokacin kuɗin mai sun fara yawo kowa yana son gini. Daga can bakin teku ya dawo da wata igiya irin ta ɗaure jirgin ruwa, fara sol, kaurinta ya kai wuyan hannu. Igiyar roba muke ce mata. Mutanen tasha suka yi masa dariya, wai direba da sarƙa aka san shi, igiya ta mai jaki ce.

Dariyar ba ta wuce damina ɗaya ba. Sarƙa ba ta da haƙuri, in aka fizge ta ko ta ɓalle ko ta ɓalle wani abu a jikin mota. Ita kuwa wannan, sai ya bar ta da ɗan sako-sako, ya ja rokarsa a hankali, igiya ta miƙe kamar danƙon harbin tsuntsu, sannan ta tattaro kanta ta zaro motar daga laka. Nan da nan sunansa ya zagaye daga Safana har Wagini da Yasore. Kowa ya kafe, Sada ake aika wa.

Sai dai zuwansa yana da sharuɗɗa, kuma ba ya yi wa kowa sassauci. Sai an fara haƙe gaban tayoyi an sauke kaya. Ba ya ɗaurawa a bamba, sai ya kwanta a laka ya nemo ƙashin motar. Ba ya yarda ƙarfe ya shiga tsakanin igiya da igiya. Yakan jiƙa buhu ya rataya a tsakiyarta don in ta tsinke ta faɗi ƙasa, ya kori 'yan kallo har sai sun koma inda ba sa jin maganarsa, ko da mai unguwa a cikinsu. In ya gama ya wanke ta tas, ya shanya ta a inuwa. Yakan ce igiya da mota sai an yi musu aure daidai, in ta yi wa mota kauri ba za ta miƙe ba, in ta yi siranta ta zama bulala. Abu ɗaya kuma da ya jawo masa baƙin jini, ba ya ba da aron ta. Zai bar tuwonsa ya bi ka ko ina ne, amma ba za ka tafi da ita ba. A garin da ake aron turmi da galma da rigar zuwa suna, wannan rowa ce, haka kuma aka riƙa kiransa a bayan idonsa.

Sai aka shiga shekarun fari. Waɗanda suka ga wannan zamani ba sa bukatar in ba su labari. Ruwan babbar rijiyar garinmu ya gudu ƙasa, igiyoyin rama suka kasa, shanun Fulanin da muke zaune tare suka fara faɗuwa a bakin kwamin ban ruwa. Dole a yashe rijiya a ƙara mata zurfi, kuma ba igiyar da za a amince a zura mutum da ita sai guda ɗaya. Mai gari da Arɗo suka taka da ƙafarsu har zauren Yaya, suna tsammanin za a sha daga. Bai bari sun gama bayani ba ya shiga ya ɗauko ta. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, kyauta ce ba aro ba. Igiyar da ta shiga rijiya ba ta komawa mota." Suka ɗauka kara ce irin ta mai kyauta, suka yi godiya suka tafi.

Da ita aka yashe rijiyar, da ita kuma aka yi ta jan wasaki da bijimai har ruwa ya sauka, tana goguwa a itacen bakin rijiya, ana jan ta cikin rairayi, rana tana dukanta. Da damina ta kankama, matan ruga suka ce ba za a ci amanar mai alheri ba. Suka wanke ta da sabulu, suka shafe ta da man shanu kamar yadda suke yi wa igiyar fata, aka naɗe ta aka kawo masa da ƙwaryar nono. Wallahi ta fi ranar da ya sayo ta sheƙi. Ya karɓa don kada ya kunyata su. Bayan sun tafi, ina tsaye, ya murɗa ta baya ya buɗe tsakanin tufkarta, sai ga wani farin gari yana zuba. Ya ce mini, "Kin gani? Rairayi ya cinye ta daga ciki." Ya jefa ta bayan roka da niyyar kai wa Inna ta ɗaure awaki, ya ce in ya koma Ikko zai sayo wata.

A nan maigidana ya shigo labarin. Ba zan kama sunansa ba, masu karatu sun san dalili. Abokin Yaya ne tun suna kiwon awaki, shi ma ya sa aka ba shi ni. A wannan shekara ya sayar da shanun da fari ya rage masa na gado, ya sayi ƙaramar motar katako, yana ɗaukar 'yan kasuwa. Ita ce duk abin da muka mallaka. Wata ranar kasuwar Batsari muna dawowa, ina gaba da goyon ɗiyata ta fari, motar ta nutse a yashin wani rafi har ciki. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma sama ta yi baƙi ta wajen daji, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya.

Aka aika, Yaya ya iso da roka. Sarƙar da ke hannunsa gajera ce, in ya matso da rokar har sarƙar ta kai, shi ma zai kafe. Ya tuɓe riga ya shiga haƙa, aka sauke kaya, aka sassaro rassa aka cusa, maza suka tura har muryoyinsu suka dushe. Mota ta ƙi. Ruwa ya fara canza launi, kumfa da karare suka fara wucewa. Sai maigidana ya hango igiyar a bayan roka. Ya haye ya jawo ta, fasinjoji suka taya shi, kafin ka ce kwabo an ɗaura.

Yaya ya ce ba zai ja ba. Maigidana ya ce, "Mi ke gare ta? Dube ta, sabuwa ce. To ba ni makulli in sa wani ya ja, ni in riƙe sitiyarin tawa."

"In ta tsinke gilashinka za ta nufa, kai kuma kana bayanshi," in ji Yaya.

"Raina ne ko naka?"

"Naka ne. Amma waccan mai goyon, ƙanwata ce."

Mutane suka sa baki, har da dattawa, kowa yana cewa a gwada, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yaya ya ga an fi ƙarfinsa, wani har ya kama ƙofar rokar. Sai Yaya ya ɗauki gatarin da aka sare rassa da shi, ya ɗora igiyar a kan kututture, ya sare ta, ya matsa gaba ya sake sarewa, ya sake, har ba guntun da zai kai ko'ina. Ba a daɗe ba ruwa ya iso. Muna tsaye a kan gaɓa muka ga motar ta ɗaga, ta juya, ta kwanta. Da ruwa ya janye, bijimai ne suka jawo abin da ya rage.

An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mutanen gari ba su ga haka ba, cewa suka yi rumbun wani ya ƙona. Wasu suka ce tsohuwar rowar ce, wasu suka ce hassada, ba ya son a yi direba biyu a dangi. Maigidana bai sake mallakar mota ba, ya koma noma da fataucin hatsi a kan jaki. Daga ranar, tsakaninsa da Yaya sai gaisuwar masallaci. Yaya ya aiko da bijimi, aka mayar masa. Ya aiko da buhunan gero, aka mayar. Ni kuwa na zama gaba kura baya sayaki: in na je gidanmu in dawo in tarar da fuska a ɗaure, in na daɗe ban je ba Inna ta aiko tana tambaya ko an raba ni da dangi ne. Na ji haushin Yaya, ba zan ɓoye ba. Akwai shekarun da muka ci tuwon dusa, ina tuƙawa ina cewa a raina da ya bari an gwada.

Domin gaskiyar da ke hana ni sukuni ita ce, ba wanda ya san ko igiyar za ta tsinke. Wataƙila da ta ja, an yi tafi, mun koma gida da motarmu kamar samarin nan na hanyar Batsari. Na tambaye shi sau ɗaya, yana kwance a ciwon da ya tafi da shi. Na yi zaton zai ce ya tabbata. Sai ya ce, "Ban sani ba, Hajo. Abin da ya sa na sare ta ke nan."

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Aminu ya nuna mini a waya cewa yanzu har ƙera irin wannan igiya ake yi musamman don jan mota, kowace da nauyin da aka rubuta mata. Na san da Yaya zai yi murna, ya ce ashe ba haukansa ba ne. Na kuma san ba zai yarda da rubutun ba sai ya murɗa ta ya leƙa cikinta, ya tambayi inda ta kwana da wanda ya riƙe ta jiya. Gadoji sun samu a wuraren da muka sha wuya, amma wasu hanyoyin da ya bi da rana tsaka yana waƙa yanzu tsoro ya hana a bi su, mu kanmu mun baro Zakka mun dawo cikin Safana. Wannan ban san me zai ce a kai ba. Abin da na tabbata, da shi ne ya fita daga mota ranar nan ba ni ba, da ba wanda zai ce masa ya kula da takalminsa.

Bai bar dukiya ba. Rokar ta tsufa an sayar, direbobin da suka koyi aiki a hannunsa sun ƙare saura ɗaiɗai, kuma ko a Zakka yaran yanzu ba su san sunansa ba. Har ya koma ga Allah ba a wanke shi daga zargin rowa ba, shi kuma bai nemi a wanke shi ba. Ya zaɓi a zage shi amma abokinsa ya tsira da ransa, ya kuma biya kuɗin zaɓin har ƙarshen ransa, don abotar ba ta dawo ba.

Maigidana ya ɗauki makararsa, ya shiga kabarin da kansa ya karɓe shi, amma bai taɓa cewa Yaya ya yi daidai ba. Yana nan da ransa, ya haura tamanin, ido ya yi rauni, baki bai mutu ba. Bayan ɗiyar da nake goye da ita a bakin rafi mun haifi bakwai. Da safiyar yau na gaya masa shekara talatin ta cika, zan rubuta wani abu a jarida. Ya yi wa Yaya addu'a mai tsawo. Da ya shafa, sai ya juyo inda yake jin motsina ya ce, "Ki rubuta masu cewa da an bari, da igiyar ta ja."

To, ga shi na rubuta. Na kuma tashi na dama masa fura, na riƙe masa ƙwaryar ya sha.